Ƙafar Baba Cak

A layin masu gyaran mota, tsakanin rumfar mai walda da ta mai faci, akwai wata rumfar kwano da ba ta da allo, ba ta da lambar waya a jikinta. Ba ta ma bukatarsu. Duk direban da birkinsa ya fara yi masa gardama ya san wurin Baba Cak zai nufa.

Direbobi ne suka liƙa masa sunan. Shekara talatin da huɗu yana gyaran birki, kuma bai taɓa sallamar mota ba sai ya yi abu guda. In ya gama ɗaure komai ya goge hannu, sai ya cire takalmin dama ya ajiye a bakin ƙofar motar, ya shiga ya tada inji, ya ɗora tafin ƙafarsa a kan fedar birki, ya rufe ido kamar mai sauraron wa'azi. In fedar ta tsaya da ƙarfi a ƙarƙashin ƙafarsa, sai ya buɗe ido ya ce, “Cak.” In kuwa ta yi laushi tana nutsewa kamar katifar soso, sai ya fito ya mayar da takalminsa bai ce uffan ba, mai mota kuwa ya san yau da ƙafa zai koma gida. Yakan ce takalmi maƙaryaci ne, ba a tambayarsa labarin birki. Direbobin haya har rantsuwa suke yi da ƙafar nan, mai walda kuma yana tsokanarsa cewa ranar da ya mutu sai an cire ta an ajiye wa layi.

Abin da babu wanda ya sani a layin shi ne ƙafar ta riga shi mutuwa. Ciwon suga ne. Da farko ji yake kamar tururuwa na yawo a yatsunsa, daga baya ya zama kamar ya sa safa uku, daga nan sai shiru, dama da hagu duka. A asibiti likita ya tsikare shi da wani ɗan tsinke ya ce, “Baba, ka ji?” Ya ce ya ji. Mutumin da ya yi wa likita ƙarya a kan ƙafarsa, direba zai gaya wa gaskiya? Ya daina tuƙi, ya ce ido ne ya fara rauni. Almajiran sana'arsa biyu na ƙarshe sun girma sun buɗe nasu wurin, bai ɗauki wani ba, don mai koyo ido gare shi. Wata biyar ke nan yana cire takalmi, yana rufe ido, yana cewa cak, alhali da ya taka feda da ya taka bulo duk ɗaya ne a wurinsa. Yana dai ninka kula a wurin aiki, yana gaya wa zuciyarsa cewa hannun da ya shekara talatin ba ya kuskure.

'Ya ɗaya Allah ya ba shi, ita ce ta fari ita ce auta, kowa kuma Auta yake ce mata. Mijinta malamin makaranta ne, mutum mai kunya, wanda ko tari zai yi a gaban surukinsa sai ya juya baya. An yi masa canjin wurin aiki zuwa wata makaranta a bayan tsaunuka, ya lallaɓa ya sayi tsohuwar mota don ya kwashi iyalinsa. Ranar Alhamis ya kawo ta. Baba Cak ya san hanyar da za su bi, akwai gangare mai lanƙwasa bakwai, kuma ya sha ganin abin da ake janyowa daga ƙasan gangaren nan. Saboda haka ya yi wa motar aikin da bai yi wa ta kowa ba. Ya kwance kalifa ta ƙafafun gaba duka biyu, wato ƙarfen nan da ke matse faifan taya in an taka birki, ya wanke su, ya sa sababbin robobi, ya mayar, ya zuba sabon mai, ya fitar da iska. Ya cire takalmi, ya rufe ido, ya ce cak. Malam ya durƙusa ya yi godiya ya tafi.

Ranar Asabar da hantsi suka zo sallama, mota cike da kaya har saman rufi. Babbar motar da ta ɗauki gadaje ta wuce tun jiya, sun miƙa wa mai gidan haya makullinsa, ranar Litinin Malam zai shiga aji. Jikokinsa biyu mata, 'ya'yan Auta, suka haye cinyar kakansu suna ja masa gemu, yana ce musu amaren banza da za su gudu su bar miji. Ana cikin dariya Auta ta ce, “Baba, sai ka yi wa Baban yara faɗa, har yanzu bai iya tsayawa ba. Jiya saura kaɗan ya shigar da mu cikin ƙofar gida. Wai sai ya taka sau biyu sannan motar take jin magana.”

Kowa ya yi dariya ban da Baba Cak. Birkin da sai an taka sau biyu iska ce a cikinsa, ko ɗan koyo ya san wannan. Mai ba ya matsuwa, iska kuwa tana matsuwa, to in ta shiga tsakanin ƙafar mutum da taya, sai ka taka ita ta shanye takun. A kan shimfiɗaɗɗiyar hanya za ka samu damar taku na biyu. A lanƙwasa ta huɗu, da kaya har rufi, da ƙarfe ya ɗau zafi, ba kullum ake samun na biyun ba. Ya dubi ƙananan ƙafafun jikokinsa suna lilo a kan gwiwarsa, ya sauke su a hankali.

“Malam, ja motar nan zuwa rumfa. A hankali. Akwai notin da nake so in ƙara dubawa.”

“Baba, so muke mu kama hanya kafin azahar, don mu sauka gangaren da sauran rana.”

“Na ce ka ja ta.”

A rumfa ya fara daga inda ake farawa. Ya ɗaga bonet ya duba robar man birki, cike take, man tas kamar yadda ya zuba. Ya shimfiɗa kwali ya kwanta ƙarƙashin motar, ya bi bututun ƙarfe da yatsa tun daga gaba har baya, babu danshi. Ya leƙa bayan kowace taya, ko ɗigo babu. Ya sa Malam ya taka, shi kuma ya riƙe tiyon roba ɗaya bayan ɗaya ko zai ji wani yana kumbura, duk lafiyarsu ƙalau. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to ga bango babu tsaga, ƙadangare kuma yana ciki.

Ya ɗauko kwalba da siririn tiyo da sifana. Fitar da iska aikin mutum biyu ne, ɗaya a kan feda, ɗaya a ƙasa yana buɗe ɗan notin iska da ke jikin kowace ƙafa. Ya zaunar da Malam a kujerar direba ya fara daga tayar baya mafi nisa.

“Taka. Taka. Taka. Riƙe!”

Ya buɗe noti, mai ya tsarto cikin kwalba, ya rufe. “Saki.” Haka suka zagaye ƙafa huɗu. Man yana fitowa sumul, ko kumfa ɗaya babu. Ya fito daga ƙarƙashin motar gwiwoyinsa na ƙara.

“Tada ta ka taka. Ya ka ji ta?”

“Alhamdulillahi Baba, da sauƙi.”

“Ba jikin mara lafiya na tambaye ka ba. Tana nutsewa ko tana tsayawa?”

Malam ya sunkuyar da kai yana murza sitiyari. “To, tana tsayawa, Baba. Bayan ta ɗan nutse. Ni ai ban san kan mota ba, wata biyu ke nan da na fara tuƙi. Tunda kai ka ce cak, ai shi ke nan.”

Da Malam ya zage shi da ya fi masa sauƙi. Baba Cak ya ce masa ya fito. Ya cire takalmi ya shiga, ya ɗora ƙafar, ya rufe ido, yana roƙon Allah a zuci ya ara masa ita ko na minti ɗaya ne. Shiru. Ya buɗe ido ya leƙa ƙasa yana kallon fedar tana sauka. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai ido nisa yake gani, ba ya ganin laushi, kowace mota kuma da nisan fedarta. Ya durƙusa a bakin ƙofa ya danna ta da tafin hannu har kafaɗarsa ta amsa. Hannu ba shi da ƙarfin da zai kai inda gaskiyar take. Suka sake zagaye ƙafa huɗu, suka kuma sakewa. Kwalba ta cika da mai mai kyau, rana ta take tsaka, rigar Baba Cak ta manne a bayansa.

Mai walda ya ɗaga gilashin fuskarsa ya leƙo. “Baba Cak, yau kuma kai aka dawo wa da aiki? Ashe za a yi ruwa da ƙanƙara.”

Ga mutum da ƙafa biyu lafiyayyu, taku biyar tsakaninsu, kuma ya yi tuƙin babbar mota kafin ya kama walda. Abin da ya rage kawai a ce masa zo ka taka min. Baba Cak ya buɗe baki, ya ga layin gaba ɗaya ya ji labari kafin la'asar, ya ga direbobi suna wuce rumfarsa suna kau da kai. Sai ya ce, “Kai dai yi ta kanka.” Girman kai mugun abu ne, ga jikokin mutum a kan sikeli amma yana auna sunansa.

Malam ya duba agogo a ɓoye, ya ce bari ya je ya yi alwala kafin a kira salla. Da ya ba da baya Baba Cak ya zagaya bayan rumfa, inda ake tara tsofaffin ƙarafa. Ya samu wani guntun ƙarfe mai tsini, ya ɗaga ƙafar dama ya buga a kai. Ya sake bugawa da ƙarfinsa duka, yana cewa, “Tashi! Tashi mana, don Allah!” kamar mai tada jaki. Bai ji komai ba. Sai da ya ga ƙasa ta yi ja sannan ya san ya huda ta. Ya zauna a kan tsohuwar taya, dattijo mai furfura, hawaye na bin gemunsa, tsoro ya cika shi fal. Ko ya bar su su tafi a kan ƙaryarsa, ko ya hana su tafiya ba tare da ya iya faɗin dalili ba, kuma ko sun kwana goma bai san abin da zai gyara ba.

A haka matarsa, Maman Auta, ta same shi, da kwanon abinci a hannu. Ta dubi jinin, ta dubi fuskarsa. Ta ajiye kwanon, ta yage gefen tsohon zanen da ta naɗo kwanon da shi, ta durƙusa ta ɗaure masa ƙafar tamau.

“Na ɗaure da ƙarfi. Ka ji zafi?”

Ya ce, “Ban ji ba. Wata biyar ke nan ban ji komai ba.”

“Shida,” in ji ta. “Tun ranar da ka dawo da ƙusa a cikin takalmi ka yini da ita ba ka sani ba. Kullum da safe sai na zazzage takalmanka kafin ka sa. Ina jira ne ka faɗa da bakinka, Maigida. Ashe sai ka kai mu nan.”

“Motar Auta ce. Na ce cak, kuma ban sani ba.”

“To ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Tashi mu je.”

Mutanen layin ba su san wannan ba, don duk sun zo daga baya. Lokacin da Baba Cak ya fara sana'a a gindin bishiya, ba rumfa ba mataimaki, amaryarsa ce ke kawo masa abinci, in ta kawo kuma sai ya zaunar da ita a kan feda. Shekara huɗu tana taka masa birki, har da cikin Auta. Ba ta taɓa tuƙa mota ko taku ɗaya ba, amma babu irin fedar da ƙafarta ba ta sani ba. Da rumfa ta samu, masu koyo suka zo, sai ya ce ta huta, bai kuma ƙara ambaton zancen ba ko a hira.

Ta cire silifas ɗinta a bakin ƙofar motar ta shiga, ta gyara mayafi. Ya miƙa hannu ya tada injin. Ta taka sau ɗaya, ta saki, ta jira, ta sake takawa.

“Soso ce,” ta ce. “Na farko ya tafi kusan ƙasa. In na yi sauri na ƙara sai ta taso. In na riƙe kuma ba ta zamewa, tana nan inda take.”

“Ba ta zamewa?”

“Ko kaɗan.”

To ba babbar tukunyar birki da ke turo man ba ce, da ita ce da fedar ta ci gaba da sulalewa ƙarƙashin ƙafa. Iska ce tsagwaronta. Ya ce, “Sau uku na zagaye ta, mai kawai ke fitowa.”

“To tana inda notinka bai kai ba. Ba kai ka koya min da kwalba ba? Ka ce duk yadda aka juya ta, iska sama take hawa.”

Ya tsaya yana kallonta. Sai ya faɗa kan kwalin ya ja jiki zuwa tayar gaba. Ga kalifa, wankakkiya, sabuwar roba, ɗaure tsaf. Ga ɗan notin iska a ƙasanta, yana kallon ƙasa. Ya mirgina ɗaya gefen, haka. Ranar Alhamis da ya wanke su ya ajiye su a faranti ɗaya, ya mayar da ta dama a hagu, ta hagu a dama. Suna shiga daram, ba sa gardama, sai dai notin da ya kamata ya zauna a sama ya koma ƙasa. Iska ta taru a saman kowace ɗaya ta yi zamanta, shi kuma yana ta tatsar mai daga gindi. Sau uku yau hannunsa ya kama notin nan a ƙasa bai tambayi kansa ba, hankalinsa duk yana kan ƙafa. Kuskure ne da ya sha zagin masu koyo a kansa, kuma da ƙafarsa na da rai da tun ranar Alhamis ta kama shi.

“Innalillahi,” ya ce. “Ni na yi. Da hannuna.”

Malam ya dawo daga masallaci ya tarar da motarsa a kan jak, tayoyin gaba a ƙasa, surukarsa a kujerar direba ba takalmi. Bai san inda zai sa idonsa ba. Auta ma ta biyo sahu da yaran, don shirun ya yi yawa. Baba Cak bai kula kowa ba. Ya kwance tiyo, ya sauya kalifa kowace ta koma gefenta, ya ɗaure, ya cika robar mai. Mai walda ya kashe injinsa, mai faci ya bar tayar da yake yi, suka matso suna kallo.

“Taka. Taka. Taka. Riƙe!”

“Na riƙe.”

Ya buɗe notin. Tiyon ya yi tari, ya tofo kumfa fari, ya sake tofowa. Baba Cak bai taɓa ganin abin da ya kai kumfan nan kyau ba. “Saki. Taka. Riƙe!” Muryarsa ta dushe, tata kuwa tana amsawa daidai, ba ta saki kafin ya rufe ba ko sau ɗaya, kamar jiya suka bari. Ƙafar dama, ƙafar hagu, har kumfa ya ƙare mai ya dawo sumul. Ya mayar da tayoyi, ya sauke jak, ya tada inji.

Maman Auta ta taka. Ta saki, ta ƙirga goma a ranta, ta sake takawa. Ta tsaya a kai da ƙarfinta har ta ɗaga daga kujera. Sannan ta dube shi ta ce, “Cak.”

Malam ya yi gyaran murya. “Baba, ba za ka taka ba? Don hankalinmu ya kwanta.”

Ga mai walda, ga mai faci, ga wasu direbobi biyu da suka tsaya kallo. Baba Cak ya dubi ƙyallen da ke ƙafarsa, jini ya fara ɓullowa ta ciki.

“Ko na taka ba abin da zan ji, Malam. Ƙafata ta mutu tun watanni. Cak ɗin da na ce maka ranar Alhamis ƙarya ce, kuma saura kaɗan ta kashe min ku. Wannan ta uwarku ita ce ta gaskiya.” Ya juya ga mai walda. “Zagaya da ita layi, ka taka ta da gudu, ka dawo ka gaya min.”

Mai walda bai yi tsokana ba. Ya karɓi makulli ya tafi, suka ji ƙarar taya daga ƙarshen layi, ya dawo ya ce ko bango ne sai haka. Auta tana kuka ta riƙe hannun ubanta, shi kuwa ya ce su kama hanya, in rana ta yi musu ƙasa kafin gangaren su nemi wuri su kwana, aji ba zai gudu ba. Ya tsaya a bakin rumfa yana kallon motar har ta kai mahaɗa. Jar fitilar baya ta kama sau ɗaya, motar ta tsaya, sannan ta karya kwana.

Ya zauna a kan benci. Maman Auta ta buɗe kwanon abincin da ya riga ya huce ta tura masa.

“Auta taka ce, ka tsare ta,” ta ce. “Motocin da ka ce wa cak tun wata shida fa? Su ma 'ya'yan wasu suke ɗauka.”

Ya san su duka, motar haya mai tsagaggen gilashi, bas ɗin da ke kai yara makaranta, ƙaramar motar ungozoma, da sauransu. Ya ture kwanon, ya laluba aljihu ya ciro waya, ya matso da ita kusa da ido yana neman lambar direban bas ɗin makaranta. Maman Auta ta ɗauko silifas ɗinta za ta sa, sai ta fasa, ta ajiye su a gefen benci ta zauna tana jiran mota ta farko.